Bencin Baya a Tsakar Gida

Mahaifina ya mari mutum a harabar coci yana da shekara saba'in da wani abu, kuma a ranar ni ban ga laifinsa ba. Na faɗi wannan tun da fari don a san irin 'yar da ya haifa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, zuciyar da ta ɗaga hannunsa ita ce a ƙirjina har yau.

Ranar godiyar kaka ce. A 'yar ikkilisiyarmu ta Daura ba mu da yawa, ma'aikata ne da 'yan kasuwa da neman abinci ya kawo, sai tsirarun Hausawa irinmu. Duk mai gona a cikinmu yakan kawo damin gero ɗaya ranar, a jingine a gaba a yi godiya. Baba yana da 'yar gona a hanyar Zango, wadda ya samu bayan ya bar aikin haƙar rijiya. A shekarar Inna ta rasu da tsakiyar damina, noman bai samu hannu ba, damin da ya kawo kuwa ko ni na san ya rame.

Mai buga mana ƙararrawa wani tsoho ne dogo siriri, wanda ya yi aikin gadi har ya gaji, kuma abokin wasan Baba ne na shekara talatin. Ƙararrawar ma tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a darbejiya, yana dukansa da guntun rodi. Su biyun ba su taɓa gaisawa kamar mutane ba. In sun haɗu, shi ya kira Baba bawansa, Baba ya tambaye shi ko ɓarayi sun tashe shi daga barci jiya. Da ya ga damin nan, sai ya ɗaga shi da hannu ɗaya a gaban jama'a, ya ce ashe tun da manomiyar gidan ta tafi, gero ma ya gane wanda aka bari. Mutane suka fara dariya. Ba su gama ba suka ji ƙarar marin.

Dattawan ikkilisiya suka zauna, suka sa Baba a horo na wata shida. Mai horo ba a hana shi zuwa sujada, amma a bencin ƙarshe zai zauna, kusa da ƙofa. Ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, ba ya ja wa jama'a addu'a. In wa'adi ya cika, fasto ya kira shi gaba, kowa ya miƙe, a yi masa addu'a a karɓe shi. Wanda ya mutu kafin nan kuwa, akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a wurin jana'izarsa, 'ya'yansa za su yi ta jin ta har su tsufa.

Na tashi zan je in wanke dattawan nan tas, Baba ya hana ni. Ya ce hannu nasa ne, ba wanda ya ɗaga masa. Ya roƙi gafarar abokinsa a gabansu, shi kuma ya ce ya yafe. Sai dai daga ranar wasa ya mutu. In sun haɗu a bakin coci, mai ƙararrawa yakan ɗan rusuna ya ce masa barka da asuba, ya tambayi lafiyar gida, ya wuce. Na sha ganin Baba yana bin bayansa da kallo. Wannan gaisuwar ta mutunci ta fi bencin baya cin ransa.

Wa'adin zai cika ne ranar Lahadin Ista, idin tashin Yesu daga matattu. Baba ya ba da farar babbar rigarsa aka wanke aka buga, ya rataye ta a ƙusa yana lissafin kwanaki. Ana saura kaɗan sai cutar nan ta korona ta iso, aka hana taro, aka rufe masallatai da coci-coci, daga baya aka ce ko ƙofar gida kada a fita. Ni kaɗai ce tare da shi. Tun rasuwar Inna na dawo gidan, mijina kuwa direba ne, kullen ya tare shi a Kano.

Da safen Ista na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, na ajiye Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi. Na ce a raina, tun da dai wa'adi ya cika, yau Baba zai zauna ya ja mana addu'a kamar yadda yake yi tun muna yara. Ya fito cikin farar rigar, ya tsaya ya dubi tabarmar. Sai ya wuce ta, ya je jikin katangar kicin, ya kifar da turmi, ya zauna a kai. Tsakaninmu ya kai taku goma, kuma wurin babu inuwa.

Na ce, “Baba, mene ne haka? Ga tabarma.”

Ya ce, “Ba a karɓe ni ba tukuna. Ki fara.”

Na yi masa bayani cewa nan gida ne, babu benci, babu dattawa, babu wanda ke kallo. Ya ce in ma babu mai kallo a ganina, to me ya sa na shimfiɗa tabarmar. Haka na yi sujadar Ista ni kaɗai, ni ce jama'a, ni ce mawaƙa, ni ce mai wa'azi, ga mutum ɗaya a bencin baya rana tana dukansa. Waƙar ma a ciki-ciki na yi ta, domin motar masu sintiri tana zagaya unguwa da lasifika, kuma an ce duk gidan da aka ji alamar taro za a kwashe mutanensa. Duk lokacin da na ji ƙarar injin sai in haɗiye baitin, in jira ta wuce. Ban ji daɗin komai ba ranar. Haushi kawai nake ji.

Lahadi ta biyu na yi dabara, ina ganin ni ce mai wayo. Ranar Asabar na ɗaga turmin na miƙa wa Hajiya maƙwabciyarmu ta kan katanga, na ce ta ajiye mini sai Litinin. Katangar gajera ce, ta nan ita da Inna suka yi shekaru suna miƙa wa juna gishiri da daddawa. Ta karɓa ba ta tambaye ni dalili ba, sai da ta gama saukewa ta ce ita ma nata tsohon ranar Juma'a wanka yake yi, ya sa babbar riga ya zauna a zaure har lokacin masallaci ya wuce, sannan ya shigo ba ya yi wa kowa magana. Da safe Baba ya fito, ya duba bai ga turmi ba. Ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa, daidai inda turmin yake, a kan zoben da bakin turmin ya bari. Kunya ta kama ni. Tun kafin azahar na karɓo turmina.

Cikin makon nan tari ya fara. Baba dama yana da tsohon ciwon ƙirji, gadon shekarun da ya yi a cikin ramin rijiya, kuma da zafin bazara yakan motsa. Amma a wannan lokacin tari ba tari ba ne kawai. Mutum in ya yi atishawa a zaure sai na gidan gaba ya kasa kunne. Na riƙa rufe masa ƙofa da taga cikin wannan zafin don kada a ji, in kunna rediyo da ƙarfi. Tsoro biyu nake yi. Kada a zo a ɗauke shi a kai shi inda ba zan gan shi ba, kada kuma ya mutu a hannuna saboda na ɓoye.

A kwana na uku zazzaɓi ya shigo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kira wata 'yar zumuntar matan cocinmu da ke aikin jinya. Ta yi mini tambayoyi, ta faɗi abin da zan ba shi, ta ce in ɗaura ƙyalle a hanci, in numfashi ya fara gagara kada in ɓata lokaci. Baba ya ji mu. Ya ce a ba shi magani zai sha, amma ba inda za shi. Da na fito na tarar da kwanon kunu a kan katanga, an rufe da faifai. Ashe duk rediyona a banza, Hajiya tana ji tun ranar farko.

Na kira fasto. Gidansa bai fi tafiyar minti ashirin ba, amma a lokacin kamar yana wata ƙasa. Na faɗa masa komai, har da turmin. Ya ce wa'adi ya riga ya cika, dattawa ba su da sauran magana, in miƙa wa Baba wayar ya faɗa masa da bakinsa. Na shiga da murna. Baba ya yunƙura ya zauna, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, “Na gode, Fasto. Allah ya saka da alheri. Amma a gaban mutane na yi abin, ba a waya ba. Zan jira.”

Ya miƙo mini. Da ba mahaifina ba ne, da ba a kwance yake ba, ban san abin da zan faɗa ba. Na dai ce masa taurin kai ba tuba ba ne, kuma shi ya fi fasto da dattawa tsanani a kan kansa. Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara tayar mini da hankali ke nan. Ya kwanta ya juya fuska bango. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “In na tafi daga bencin baya, a can ina za a zaunar da ni? Innarku tana gaba.”

Na fita na tsaya a kicin ina kuka a kan murhu da babu wuta. A nan na gane ba dokar coci yake jira ba. Mutum ɗaya yake jira, kuma ba zai taɓa aikawa a kira shi ba.

Aka ba da rana guda a fita sayen abinci, daga hantsi zuwa azahar. Na ɗauki buhu don a ga alamar cefane, na nufi gidan mai ƙararrawa a can gefen gari. Babu babur, babu komai, sai ƙafa. A wata mahaɗa masu sintiri suka tare ni, ɗaya ya ce kasuwa ba ta nan take ba. Bulala tana hannunsa. Na ji maganar da ta taso mini har bakin leɓe, na haɗiye ta, na ce wake zan karɓo a wurin wani tsoho. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in azahar ta same ni a hanya in kuka da kaina.

Na tarar da shi a ƙofar gida yana ba awakinsa harawa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa Baba ba lafiya, na faɗa masa maganar turmi da ta waya. Da na ambaci tari sai ya ja da baya taku ɗaya. Na gani, shi ma ya san na gani. Matarsa daga cikin zaure ta ce Allah ya ba shi lafiya, amma mijinta ma tsoho ne, 'ya'yansa sun kira daga nesa sun ce kada ya kuskura ya fita. Shi bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya ce ai ya yafe tuntuni, na sani, dattawa ma sun sani.

Na ce, “Baba, yafiyar taka ce ta yi masa nauyi. Tun da ka yafe ba ka sake kiransa bawanka ba.”

Ya ci gaba da yayyafa wa awaki harawa. Na jira, bai ɗago ba. Na miƙe ban yi masa sallamar kirki ba, na kamo hanya da buhu fanko, ina tafe ina zaginsa a zuci. Na ce mutumin da ya iya buɗe baki ya taɓa gawar Inna don a yi dariya, yau shi ne tari ke kora. Ban faɗa wa Baba inda na je ba.

Ranar Asabar da rana Baba ya samu barci. Na zauna a bakin ƙofarsa ina sauraron numfashinsa, yana fita da ƙara kamar ana jan guga a tsohuwar igiya. Addu'a ta ƙi zuwa. Abin da ke raina ba abin faɗa wa Allah ba ne. Na buɗe Littafi don kawai hannuna ya samu abin yi, ina neman abin da zan karanta gobe, sai na faɗa kan labarin almajiran Yesu bayan tashinsa, suna cikin ɗaki sun kulle ƙofofi don tsoro. Na san labarin tun ina 'yar makarantar Lahadi. Abin da ban taɓa lura da shi ba, babu wanda ya tashi ya buɗe masa. Ƙofar tana kulle ya shigo. Kuma a cikin ɗakin har da wanda ya yi musun saninsa sau uku, ba a ce ya koma baya ya zauna ba.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba, domin numfashin bai canja ba. Amma wani abu ya sauka daga wuyana. Tun da aka rufe coci nake ta ɗawainiya kamar ni ce zan jawo Ubangiji cikin gidan nan, in na shirya tabarma daidai, in na samo fasto, in na samo wancan tsohon. Na dubi ƙofar zaurenmu da sakatarta, na ce to, ka ga yadda muke, ni na gaji. Iyakar addu'ata ke nan ranar, kuma na samu natsuwar da na yi makonni ban samu ba.

Lahadi da hantsi Baba ya ce in taimaka masa ya sa rigar. Na ce ya kwanta, zan karanta masa a ɗaki. Ya ƙi. Na riƙe shi har tsakar gida, jikinsa da zafi, nauyinsa duk a kafaɗata. Na yi ƙoƙarin karkata da shi wajen tabarma, ya ja ni wajen turmi. Na zaunar da shi, na jingina bayansa da katanga, na koma wurina. Motar sintiri ta wuce, na jira ƙararta ta yi nisa.

Sai na ji ana taɓa ƙofar zaure. Na ce shi ke nan, wani ya kai rahoton tarin. Na dubi Baba, shi ma ya dube ni. Aka sake taɓawa, a hankali. Na je na zare sakata.

Mai ƙararrawa ne, da damin harawa a ka da fartanya a kafaɗa, kamar mai kai wa dabbobi abinci. Ya ɗaure hanci da wani tsohon ɗankwalin matarsa. Ta gonaki ya biyo, ƙafafunsa duk ƙarangiya. Bai gaishe ni ba. Ya shigo ya sauke harawar, ya zaro guntun rodinsa daga cikinta, ya ɗaga fartanyar ya buga mata sau uku, a hankali, yadda ba zai wuce katanga ba.

Na nuna masa tabarma. Bai kula ni ba. Ya wuce Baba, ya je can lungun da muke tara itace, wanda ya fi turmin nisa da tabarma da taku biyu, ya zauna a ƙasa ya miƙe dogayen ƙafafunsa.

Baba ya ce, da ƙyar, “Me kake yi a nan? Wurinka na gaba.”

Ya ce, “Bakina ne ya fara, hannunka ya ƙarasa. Kai aka hora, ni aka bar ni da ƙararrawa. Wata shida ina neman yadda zan faɗa.” Ya gyara ɗankwalin. “Yanzu dai ba kai ne na baya ba. Tashi ka matsa, bawana. Ko a horo ma sai ka samu abin zama ka bar ubangidanka a ƙasa?”

Na ga kafaɗun Baba suna motsi, na zaci tarin ne. Dariya ce. Ta jawo tarin, tarin ya jawo hawaye, ya daɗe kafin ya samu numfashi. Da ya samu sai ya tambaye shi wa ya tashe shi daga barci har ya san yau Lahadi. Sannan ya miƙo mini hannu.

Taku goman nan mun daɗe muna yin su. Ya zauna a gefen tabarma, a bakin-baki, kamar baƙo. Na buɗe Littafi zan fara, ya ce in dakata, shi zai buɗe da addu'a. Muryar ba ta fita sosai, rabi ma ban ji ba. Ya yi wa Inna godiya a gaban Allah, ya roƙa wa mijina hanya, ya roƙa wa Hajiya da maigidanta a buɗe musu masallaci. Daga lungun itace aka ce amin. Daga bayan katanga ma na ji motsin faifai a kan kwano.

Mai ƙararrawa bai matso ba har aka gama, bai kuma taɓa shi ba. Ya ɗauki fartanyarsa ya bar mana harawar, ko da yake ba mu da akuya. A bakin zaure ya ce mini in faɗa wa bawan nasa zai dawo Lahadi mai zuwa ya ga ko ya yi ƙiba.

Baba bai kai Lahadin ba. Ya rasu ranar Juma'a da la'asar, ban kuma taɓa sanin ko cutar ce ko tsohon ciwonsa ba. Mutane kaɗan aka bari suka raka shi, fasto ya yi addu'a daga nesa. Da aka buɗe coci bayan watanni, wata dattijuwa ta ja ni gefe da fuskar tausayi, ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko gaskiya ne ba a samu an kira shi gaba ba kafin ya tafi. Na ji tsohuwar zuciyar nan ta taso, hannuna har ya yi zafi. Na riƙe shi da ɗayan.

Na ce mata, “A kan tabarma ya yi sujadarsa ta ƙarshe, Mama. Shi ya ja mana addu'a.”